Tana da ɓawon kayan miya: Yadda za ka mayar da sharar gidanku taki a cikin Badala

Duk wanda ya taso a Yakasai, Mandawari, Sheshe, Jakara ko Gwale ya san yadda ake fama da shara a cikin gari. Lungunan sun yi matsi, motar kwasar shara ba ta iya shiga, sai dai a ba yaro mai baro 'yan kuɗi ya kai bola. In bolar ta yi nisa ko dare ya yi, kwata ce ke shan wahala. Sai Agusta ta zo da ruwanta, kwatar ta toshe, ruwa ya dawo tsakar gida, katangar ƙasa ta jiƙe, sauro ya samu wurin zama. Daga nan kowa ya ɗauki waya ya hau Facebook yana tambayar ina hukuma take.

Hukumar kwasar shara ta jiha, REMASAB, tana nan tun 2003, kuma ana tsaftar muhalli duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma shara kullum ake tara ta, sau uku a rana, duk lokacin da aka ɗora tukunya. Leƙa kwandon sharar gidanku yau da yamma. In ka ware leda da robar ruwa gefe, abin da ya rage yawanci ɓawon doya ne da na dankali, ruɓaɓɓen tumatir, karan alayyafo, ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Wannan jiƙaƙƙen kashi shi ke wari, shi ke tara ƙuda, shi ke sa baro nauyi. Kuma shi ne abincin wata ƙaramar halitta da muka saba takawa da damina ba mu ko waiwaya ba: tana.

Kano ta daɗe da sanin darajar juji

Kafin a ce wannan wani sabon yayi ne na Turawa, a tambayi kakanni. Shekaru aru-aru manoman karkarar Kano suna shigowa ta ƙofofin gari da jakuna ɗauke da itace da kara, in za su koma su cika mangala da takin birni: kashin awaki da tumaki, toka da sharar tsakar gida. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Taki ne babban sirrin, ciki har da wanda jakuna ke fitarwa daga cikin ganuwa.

Abin da ya ɓata lissafin shi ne leda. Jujin da a dā yake ruɓewa ya zama baƙar ƙasa, yau ya cakuɗe da leda, kunzugun yara na zamani, fasassun kwalabe da matattun batura. Manomin da ya sayi tifar shara sai ya tsaya tsince kafin ya baza, kuma duk da haka gonar ba ta rabuwa da leda. Kiwon tana dabara ce ta raba abin da ke ruɓewa tun daga madafi, kafin ya haɗu da waccan ƙazantar.

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Idan irin wannan shara ta taru a bola ta danne juna babu iska, takan fitar da iskar mitan, wadda ke cikin manyan masu ɗumama duniya.

Wace ce tana, kuma wacce ake nema?

Da farko a cire ƙyanƙyami. Tana daban, tsutsar da ƙuda ke haifarwa a ruɓaɓɓen nama daban, tsutsar ciki da ake sha wa magani ita ma daban. Tana ba ta cizo, ba ta da haƙori, ba ta da ido. Da fatarta take numfashi, shi ya sa in ta bushe take mutuwa. Tana da ƙundu kamar kaza, inda take niƙa abinci da 'yan ƙwayoyin yashi. Kowace ɗaya tana ɗauke da halittar namiji da ta mace, amma sai biyu sun haɗu suke yin ƙwai, wasu 'yan ƙanana da ba su wuce ƙwayar dawa ba. Kashinta shi ne takin da ake magana: baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya shafe shekaru yana lura da ita, kuma littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kanta ya rubuta shi. A 1982 wata malama a jihar Michigan ta Amurka, Mary Appelhof, ta fitar da ɗan littafin da ya yaɗa kiwon tana a cikin akwati a gida. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasar Kyuba ta rasa takin zamanin da take samu daga can, sai ta dogara da takin gargajiya da na tana wajen noman kayan lambu a cikin birane. A Indiya kuwa ƙungiyoyin mata a ƙauyuka sun mayar da shi sana'a.

Ga abin da zai ba ka mamaki. Ɗaya daga cikin nau'o'in da aka fi kiwo a ƙasashe masu zafi, irin su Indiya da Filifin, asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce. Masana na kiranta Eudrilus eugeniae. Doguwa ce, takan kai santimita 15 ko fiye, jikinta ja mai duhu da ɗan sheƙi, ga saurin motsi. Wato wasu sun ɗauki tamu suna cin moriyarta, mu muna kallon bidiyonsu muna danna alamar so.

Yawancin bidiyon da za ka gani a YouTube da TikTok daga Turai da Amurka kuwa a kan wata jar tana ce ƙarama, Eisenia fetida, wadda ta fi jin daɗin sanyin digiri 15 zuwa 25. Tamu ta fi son 25 zuwa 30. Don haka kada ka kwafi duk abin da ka gani a waya, yanayin Kano daban ne.

Ba kowace tana ce ke zama a bokiti ba. Wadda ake tonowa a can ƙasa, mai fari-fari ko ruwan toka, ƙasa take ci, in ka kulle ta a mazubi mutuwa za ta yi. Wadda kake nema tana rayuwa a sama-sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, gindin ayaba a lambu, ko gefen tsohon tarin kashin dabbobi mai danshi. Dabara mai sauƙi: da damina ka zuba tsohon kashin awaki da ɓawon kayan lambu a inuwa a irin wannan wuri, ka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Masunta ma sun san inda take, tunda da ita suke ɗana ƙugiya. Sai dai kada ka ɗebo daga kwata ko bakin rafin Jakara, inda ruwan bayan gida da dattin gari ke bi. Mai son ƙarin bayani na iya tuntuɓar malaman gona na KNARDA ko sashen aikin gona na Jami'ar Bayero.

Kayan da ake buƙata

Ba sai ka sayi komai mai tsada ba. Bokitin fenti biyu masu cin lita 20, a wanke su tas, ko tsohon baho, ko tsohuwar randa da ta tsage. In bokiti ne, ka huda ƙananan ramuka a gindin ɗaya da gefensa na sama da murfinsa, sai ka zura shi cikin na biyun, wanda zai tari ruwan da ke ɗiga. Faɗi ya fi zurfi amfani, domin a saman abinci take kiwo. Zurfin santimita 30 ya isa.

Sai shimfiɗa. Ka yayyaga kwali da tsohuwar jarida, ka haɗa da busasshen ganye da tsohon kashin awaki ko tumaki wanda ya bushe ya huce, ka jiƙa. Gwajin danshi shi ne ka damƙa ka matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne, in ya tsiyaya ruwa ya yi yawa. Ka watsa tafi ɗaya na ƙasa mai yashi saboda ƙundun nan. Ka bar shimfiɗar ta kwana uku zuwa mako guda, sannan ka zuba tana, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kwana biyun farko kada ka ba ta komai, bari ta saba da sabon gida.

A kula da ruwa. Wasu rijiyoyin cikin gari suna da zartsi, kuma gishiri makashin tana ne. Ruwan sama ya fi. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan wanke-wanke mai sabulu ko omo kuwa ko kusa.

Me take ci, me ba ta ci?

A nan gidan Bahaushe ya bambanta da gidan Bature. Mu ba ma zubar da sauran tuwo, akwai mai buƙata a ƙofar gida, akwai ɗumame da safe, akwai ƙanzo. Dusa da ɓawon kankana kuma akuya na jira. To a bar tsarin yadda yake: mutum tukuna, sai dabba, abin da dabba ta ƙi shi ne rabon tana. In ka ce za ka ƙwace abincin akuyar Inna ka ba tsutsa, ranar za a kore ku daga gidan kai da bokitin. Kuma ba asara, domin abin da akuya ta ci zai dawo maka ta hanyar kashinta.

Abin da take so: ruɓaɓɓen tumatir, karan alayyafo da na rama, ganyen kabeji da latas da suka yi yaushi, ɓawon ayaba, gwanda, mangwaro, dankali da doya, ganyen shayi da aka gama dafawa, da ɓawon ƙwai da aka daka. A yanka ƙanana, don ta fi saurin gamawa da su.

Abin da za a nisantar da ita: miya da duk abin da ya taɓa mai, gishiri ko dunƙulen ɗanɗano, nama, kifi, ƙashi da madara, masu jawo ɓera da wari, attaruhu da barkono, ɓawon lemo da albasa in sun yi yawa, toka, saboda kaifinta yana ƙona fatarta, ɗanyen kashin kaji, da kashin dabbar da aka ba maganin tsutsa kwanan nan. Bayan gidan mutum, na kare ko na kyanwa ba ya shiga ko kaɗan, saboda cuta.

In komai ya daidaita, tana kan ci kusan rabin nauyinta a rana. Wato rabin kilo na tana zai iya gamawa da kusan kwatan kilo na ɓawo kullum. Amma da farko ka fara da ɗan kaɗan. Ka tona gefe ɗaya, ka binne abincin, ka rufe da shimfiɗa. Sai ka ga ya kusa ƙarewa sannan ka ƙara a wani gefen. Yawancin masu farawa da yawan ciyarwa suke kashe ta: abinci ya taru, ya yi tsami, ya ɗau zafi.

Zafin Kano, babban abokin gaba

A watan Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Tana kuwa in cikin mazubinta ya wuce 35 sai ta fara mutuwa. Baƙin bokiti a rana tsakar gida tukunyar dahuwa ce kawai. A nemi wuri mafi sanyi a gidan: ƙarƙashin bene, gindin bishiya, lungun da rana ba ta kaiwa, ko kusa da inda randunan ruwa suke.

Maganin ma namu ne na gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafi, sai cikin ya yi sanyi, tumatir ya daɗe bai lalace ba. Dabarar ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, wato daidai lokacin bazararmu. Abin da ya adana tumatir zai taimaki tana. In bokiti gare ka, ka naɗe shi da buhu kana jiƙawa safe da yamma, ko ka binne rabinsa a yashi mai danshi. A irin wannan lokaci a rage abinci, domin ruɓewa ma zafi take haifarwa.

Da hunturu kuma matsala biyu ce: bushewa da sanyin dare. Tanar Afirka ba ta son sanyi, takan rage ci in ya yi ƙasa da digiri 15. A shigar da ita ɗaki ko zaure da dare, a riƙa duba danshi. Da damina a tabbatar ruwan indararo ba ya zuba ciki.

In ka ji wari, abinci ko ruwa ya yi yawa: dakatar da ciyarwa, ƙara busasshen kwali, ka ɗan motsa a hankali iska ta shiga. In ƙananan ƙudaje sun taru, ba ka binne abincin da kyau ba. In kiyashi ko tururuwa sun shiga, wurin ya bushe: yayyafa ruwa, ka ɗora bokitin a kan bulo da aka tsayar cikin faranti mai ruwa, amma ka riƙa sauya ruwan duk kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai. Kaji, ƙadangare da gafiya duk masoyanta ne, don haka murfi da dutse a kai. In ka ga tana hawa bango tana neman gudu, akwai abin da ya dame ta a ciki, ka bincika zafi, tsami ko ruwa. Kuma duk lokacin da ka taɓa, ka wanke hannu da sabulu.

Girbi da amfani

Bayan wata biyu zuwa uku za ka ga shimfiɗar ta koma baƙar ƙasa. Ka juye a kan buhu a wuri mai haske amma ba cikin rana ba, ka yi ƙananan tsibi. Tana gudun haske take, za ta nutse ƙasa. Ka riƙa kwashe saman kaɗan-kaɗan har ka iske ta a dunƙule, sai ka mayar da ita sabuwar shimfiɗa tare da ƙwayayen da ka tsinta. Zuwa lokacin ta ƙaru, kana iya buɗe bokiti na biyu ko ka ba aboki iri.

Wajen shuka, kashi ɗaya na takin a haɗa da kashi uku ko huɗu na ƙasa. Buhun siminti da aka wanke, tsohuwar roba ko gwangwanin madara sun isa a shuka alayyafo, latas, yakuwa, tumatir ko na'ana'a. Masu gidan ƙasa su yi hattara: kada a jera buhunan shuka a kan rufin azara ko jikin katanga, nauyi da danshi za su yi ɓarna. Ruwan da ya taru a bokitin ƙasa kuma a sirka shi da ruwa mai yawa a zuba a gindin bishiya ko fure, kada a watsa a ganyen da za a ci ɗanye.

A faɗi gaskiya kan ƙarfinsa. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 sinadarin naitirojin ne, takin tana kuwa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Ba zai maye gurbin buhun takin zamani a gonar masara ba. Amfaninsa shi ne gyara ƙasar kanta. Ƙasarmu mai yashi ce, ruwa da taki suna zurarewa, shi kuwa yana sa ta riƙe danshi, yana ƙara mata ƙananan halittu masu amfani, yana sakin abinci a hankali.

Akwai kuɗi a ciki?

Wannan ce tambayar da za ta fara zuwa a sashen sharhi. Lissafin ga shi: kwatan kilo a rana ya kama kusan kilo 7 da rabi na shara a wata, kuma takin da zai fito ba zai kai rabin haka ba, domin yawancin nauyin ɓawo ruwa ne. Bokiti ɗaya ba zai saya maka iPhone ba. Abin da zai yi shi ne ya rage abin da ake ba mai baro, ya rage wari da ƙuda, ya kawo ganyen miya a tsakar gida.

Wanda ya ƙware zai iya faɗaɗawa. Kasuwar Rimi, 'Yan Kaba da 'Yan Lemo kullum suna fitar da tarin ruɓaɓɓen kayan gwari da 'ya'yan itace. Masu sayen taki akwai su: masu sayar da furanni da dashen itatuwa a gefen titi, masu lambu, da gidajen da ke da fili. Ita kanta tanar abinci ce ga kifi da kaji. Amma a fara neman mai saye kafin a tara kaya.

Kuma a yi hankali da 'yan damfara. A Amurka an sha yaudarar mutane da cewa su sayi irin tana da tsada, kamfani zai dawo ya saye duk abin da suka kiwata, daga baya kamfanin ya ɓace. Wanda ya ga abin da MMM ta yi wa mutane a ƙarshen 2016 bai kamata a sake yi masa irin wannan wasa ba. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi a WhatsApp don ribar da ba ka ga tushenta ba, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka kawo bokiti gida

A gidan yawa ba a shigo da tsutsa ba sallama. Ka fara samun Baba ka yi masa bayani, sannan ka zauna da Umma, domin madafi nata ne, kuma ita za ta yarda a ajiye roba ta biyu ta ɓawo kusa da kwandon shara. Ka nuna mata cewa akwai murfi, ba wari, ba za ta fito ta bi ɗaki ba, kuma kai za ka riƙa kula da ita. 'Yan mata ma wannan aiki ne da ake yi ba tare da an fita ko ƙofar gida ba. Dariyar abokai a majalisa kuwa dole ce, za a kira ka Sarkin Tsutsa na wata ɗaya ko biyu. Gani ya kori ji, ranar da aka ci kwaɗon latas ɗin gidanku za a canza magana.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne damina, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tana take samuwa kuma zafi ya sauka. Wanda ya fara a Yuli zai kwashi takinsa na farko wajen Oktoba, daidai lokacin shuka latas da tumatir na sanyi, kuma zai samu watanni yana koyon halinta kafin zafin Afrilu ya zo. Wanda ya gwada, ya ɗauki hoton ranar farko da na ranar girbi ya ɗora, ya faɗi unguwarsu da abin da ya ba shi wahala, don na bayansa su san inda za su taka.